Farin Ciki Mai Ma'auni: Idin Furim na Yahudawa da Sallar Manoman Kura

A shekarar 2024, ranar 14 ga watan azumi ta faɗo 24 ga Maris. Manoman Kadawa da Kura da Bunkure suna tsakiyar girbin alkama, baki a bushe, rana na dukan ƙeya, yara kuwa sun riga sun fara tashe da daddare. A wannan ranar Yahudawa a duk inda suke a duniya suna idinsu da suke kira Furim, wanda ke kamawa 14 ga watansu na Adar. A 2025 ma aka sake haɗuwa, ranar Juma'a 14 ga Maris. Da mu da su wata ɗaya muke ƙirga kwana da shi, shi ya sa tsakiyar watanmu ke zuwa daidai da tsakiyar nasu.

Babu majami'ar Yahudawa a Kura, babu a Bunkure. Mafi yawanmu ko sunan wannan idi ba mu taɓa ji ba, in ban da Kiristocin Hausawa da ke karanta Littafin Esta a cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa tun 1932. A Najeriya masu yin Furim 'yan tsiraru ne, a Abuja da Legas da wasu garuruwan ƙasar Ibo. Abin da ya ja ni gare shi tambaya ce guda wadda ta shafe mu kai tsaye: idan addini ya umarci mutum da ya yi murna, me takamaimai ya umarce shi da yi? Azumi an san iyakarsa, salla an san raka'o'inta. Murna fa, da me ake auna ta?

Na san akwai wanda zai ce, jinin Gaza bai bushe ba, ina ruwanmu da idin Yahudu? Zafin da yake ji ina jin sa. Sai dai ƙasar Yahudawa da aka kafa a 1948 daban, hukunce-hukuncen da malaman Yahudawa suka rubuta a Iraƙi da Andalus da Masar shekaru aru-aru kafin ta daban. Annabi Musa shi ne annabin da aka fi ambata a Alƙur'ani, kuma azumin Ashura da muke yi duk shekara, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar Yahudawan Madina na azumtar ranar don tunawa da kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna. Sanin yadda Ahlul Kitabi ke ibadarsu ba baƙon abu ba ne a karatunmu, kuma sau da yawa sai ka ga na wani kake gane ƙimar naka.

Labarin, kamar yadda Littafin Esta ya kawo shi, ya faru a daular Farisa, a birnin Shushan, wanda kufansa ke kudu maso yammacin Iran a yau. Sarkin shi ne Ahasurus, wanda mafi yawan masana ke ɗauka shi ne Zaksis na ɗaya, da ya yi mulki daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Annabi Isa. Wazirinsa Haman (ba Hamanan Fir'auna da muka sani a Alƙur'ani ba, wannan na wata ƙasa ne da wani zamani) ya fusata don wani Bayahude mai suna Mordekai ya ƙi rusuna masa. Sai ya nemo izinin sarki a hallaka Yahudawan daular kaf a rana guda, ya jefa ƙuri'a ta faɗa kan 13 ga Adar. Bai san sarauniya Esta, marainiyar da Mordekai ya rena, Bayahudiya ce ba. Ta sa jama'arta azumin kwana 3, ta shiga wurin sarki ba tare da kira ba, abin da hukuncinsa kisa ne, ta tona asirin waziri. Aka rataye Haman a gungumen da ya kafa wa Mordekai. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Da yake dokar sarkin Farisa ba ta sokuwa, sai aka fitar da wata da ta ba Yahudawa damar kare kansu. Suka yi yaƙi ranar 13, suka huta ranar 14, mutanen Shushan kuwa sai ranar 15. Masana tarihi na jayayya kan yadda labarin ya dace da abin da aka sani na daular Farisa, amma idin yana nan, kuma har yau mutanen Birnin Ƙudus ranar 15 suke yi, don hukuncin Shushan ya hau kan duk birnin da ke da ganuwa tun zamanin Yusha'u.

Daga wannan labari malamansu suka fitar da wajibai 4. Na farko sauraron littafin ne, wanda suke kira Megila. Da hannu ake rubuta shi a kan fata, a naɗe, babi 10, a karanta shi da daddare a maimaita da safe. Dole kowace kalma ta shiga kunne, kuma mata ma wajibi ne a kansu, don ceton ta hannun mace ya zo. Duk inda aka ambaci Haman yara kan ɗauki ihu da buge-buge, mai karatu ya dakata har a yi shiru kada kalma ta kuɓuce wa wani. Na biyu walima ce, da rana, da nama in an samu. Waɗannan ba su da wuyar ganewa. Sauran biyun ne suka fi ɗaukar hankalina, don kyauta ce iri biyu, kuma an raba su da gangan.

Ɗaya ita ce aika abinci ga aboki ko maƙwabci: aƙalla abinci iri 2 ga mutum 1, kuma ya zama na ci nan take, dafaffe ko 'ya'yan itace ko abin sha. Ɗayar ita ce kyauta ga matalauta: aƙalla mutum 2, kowanne a ba shi kuɗi ko abincin da zai yi masa ci ɗaya, kuma ya isa hannunsa a ranar. Yin ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Wanda ya cika unguwa da kwandunan alawa da waina amma bai nemi talaka ba, da sauran bashi a kansa. Kai, talakan da ke cin sadaka ma an ce ya ba wani talakan. Kuɗin da aka tara don matalautan Furim kuma Talmud, babban kundin shari'arsu, ya hana a karkatar da shi zuwa wani aikin alheri, ko da ya fi girma. Littafin hukuncinsu Shulhan Aruk, wanda Yusuf Karo ya rubuta aka fara buga shi a Benis a 1565, ya ƙara da cewa a ranar ba a bincike: duk wanda ya miƙo hannu a ba shi.

Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a fadar Salahuddin a Masar ya rasu a 1204, ya yanke hukuncin wanda ya fi. Ya ce gara mutum ya yawaita wa matalauta da ya yawaita a kan walimarsa da kwanukan abokansa, don faranta ran maraya da bazawara da baƙo shi ne ƙololuwar murnar. A wani wurin, yana magana kan idi gaba ɗaya, ya ce wanda ya kulle ƙofa ya ci da iyalinsa kaɗai murnar cikinsa ya yi, ba ta ibada ba. Duk almajirin da ya karanta babin zakkar fidda kai a Risala zai ji maganar ba ta yi masa nisa ba.

Akwai wani hukunci a Mishna, tsohon littafin shari'arsu da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, da na so kowane manomin Kura ya ji. An yi wa mutanen ƙauye rangwame su saurari Megila tun 11 ko 12 ko 13 ga wata, a ranar Litinin ko Alhamis da suka saba shigowa gari. Dalilin da Talmud ya bayar shi ne, su ne masu kawo wa 'yan birni ruwa da abinci. Wato shari'ar ta lura cewa walimar birni a kan wuyan ɗan ƙauye take, sai ta gyara lokacin ibada don ta dace da aikinsa. An daina aiki da wannan rangwame tuntuni, amma tunanin da ke cikinsa bai tsufa ba.

Kura irin wannan ƙauyen ce ga Kano, in ma za a kira ta ƙauye. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam a shirin da aka tsara wa hekta 22,000 a kashin farko, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, wannan yanki ya zama tukunyar birni. Tumatirin miyar Sallah ta kasuwar Kwanar Gafan yake bi. Shinkafar tuwon a Kura aka turara ta aka casa ta. Albasa, attaruhu, alkamar alkaki da funkaso, duk nan. Tun kafin ruwan Tiga ma, rawanin ɗan Kura mai sheƙi da marinan garin ke rinawa su buga shi ne adon manya ranar hawa, har Buzayen Agadas sun san shi. Saboda haka tambayar yadda ake sauke wajiban idi a nan ta fi nauyi da a ko'ina: mutanen da ke ciyar da Sallar wasu, yaya tasu Sallar take?

Namu hukunce-hukuncen a bayyane suke. Haramun ne a azumci ranar idi, wato cin abinci a ranar shi kansa biyayya ne. A yi wanka, a sa kaya mafi kyau da ake da shi, a ci wani abu kafin fita a Ƙaramar Sallah, a jinkirta a Babba, a tafi filin idi ana kabbara, a dawo ta wata hanyar. Raka'a 2, kabbara 7 a ta farko da ta harama, 6 a ta biyu da ta miƙewa, a mazhabar Malikiyya. Wasa ma yana da gurbi: Nana A'isha ta ba da labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakinta ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Amma wajibin da ke da ma'auni shi ne zakkar kono, wadda aka farlanta a shekara ta 2 bayan hijira. Sa'i ɗaya, wato mudun Nabi 4, kilo biyu da 'yan kai zuwa uku gwargwadon irin hatsin, a kan kowane rai da ciyarwarsa ke wuyan magidanci, har jaririn da ya riski lokacin wajabcinta. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya lissafa abin da ake fitarwa a Risala, kuma gero da dawa da shinkafa da alkama duk suna ciki, sharaɗin dai ya zama abin da mutanen gari suka fi ci. Magidanci mai mutum 12 zai auna mudun Nabi 48, kusan kilo 30.

A nan nake ganin tsarinmu ya fi kama ƙasa. Na Furim ya kafa mafi ƙaranci, mutum 2, ya bar sauran ga zuciya. Namu ya ƙirga kawuna, ya ɗaura nauyin da yawan iyali, ya kuma sa lokacin kafin a tafi idi, da rangwamen kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Matar da aka kai wa hatsi jajibere tana da damar surfe da niƙa da neman itace, ta ɗora tukunya tare da kowa. Wanda aka ba a ranar kuwa sai dai ya sayi dafaffe.

Amma akwai inda nasu ya buɗe mini ido, shi ne wancan rabewar tsakanin kwanon aboki da rabon talaka. Ku dubi yadda kwanukan Sallah ke yawo a garuruwanmu. Tun hantsi yara na ɗauke da langa-langa, gidan surukai, gidan aminin Alhaji, gidan ƙawar Hajiya, gidan mai unguwa. Kowane kwano ya tafi cike ya dawo cike. Zumunci ne mai kyau, Allah ya ƙara shi, har maƙwabta Kirista yana kaiwa. Sai dai tsakanin masu shi yake zagayawa. Gidan da ba a ɗora tukunya ba ba shi da abin mayarwa, don haka sannu a hankali yake fita daga layin, ko don masu aikowa sun manta, ko don matar gidan ta ji kunyar mayar da kwano wayam ta fara cewa a bari. Magidanci kuwa da yamma yana jin ya yi rabo, alhali duk abin da ya fita ya dawo masa da wani ɗanɗano. Shari'armu ta riga ta raba zakka da kyauta, ba mu buƙatar aro. Mu ne muke cakuɗa su a zuci.

Su wa ke faɗuwa ta wannan rami a yankin noman rani? Na farko 'yan ƙwadago da 'yan ci-rani da ke zuwa dashen shinkafa da tsinkar tumatir, waɗanda iyalansu ke can wata jiha ko ƙetaren iyaka, suna kwana a bukka ko shagon wani. Ba su da ƙofar gida da yaro zai tsaya ya yi sallama da kwano. Sai matan da ke shiƙa da kala a masussuka, da masu turara shinkafar wasu a biya su ladan buhu, da yawansu zawarawa masu marayu. Sai manomin da ya yi hayar gona da bashin taki, kasuwa ta karye masa. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, ya san mutum na iya kwana mai gona ya tashi mai neman abin sahur. Irin wannan ba zai miƙo hannu ba ko zai mutu, kuma a nan ƙa'idar Furim ta ba duk mai miƙo hannu ba ta kai gare shi. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ja hankalinmu ga matalautan da wanda bai sani ba ke zaton mawadata ne saboda kamewarsu. Neman irinsu aiki ne, sai an zauna an yi tunani gida-gida.

A maimakon haka, al'ada ta riga ta yi wa zakkar kono masu ita. Kason malam, kason ungozoma, kason wanzami, kason tsohuwar da ta saba zuwa. In mabukata ne, madalla, sun ma fi cancanta don an san halinsu. In kuwa don malam ya koyar da yara ne ko wanzami ya yi aski, to lada ce aka biya da haƙƙin wani. Haka mai gonar da zai auna wa yaran aikinsa zakka yana lissafa ta a zuci cikin sallamar da zai yi musu. Ɗan ƙwadago fakiri ya halatta a ba shi, amma bayan an biya shi guminsa cif. Ina girmama malamanmu na zaure, da yawansu da ƙyar suke rufa wa kansu asiri, kuma mafi yawansu da bakinsu suke faɗar wannan hukunci a wajen tafsiri. Jama'a ce ke jin nauyin sauya abin da suka tarar iyaye na yi.

Sai batun me za a auna. A gari irin Kura shinkafa ta zama abincin yau da kullum, kuma tana rumbu. Amma wace? Shanshera, mai ɓawo, in aka kai ta inji kusan kashi ɗaya cikin uku ke tafiya a ƙaiƙayi da dusa, ga kuɗin turarawa da na casa. Wanda ya auna mudu 4 na shanshera ya miƙa wa bazawara da safiyar Sallah ya ba ta aiki da kashe kuɗi, ranar da injina ke rufe. Masu fatawa su ne masu yanke hukunci, amma manufar da hadisin Ibn Abbas ya bayyana, tsarkake mai azumi da ciyar da miskini, tana nuni ga abin da zai shiga tukunya. Sharaɗin Yahudawa na cewa abincin da aka aika ya zama na ci nan take, hankali ɗaya ne. A farkon 2024, da tsada ta kai mutane ga cin afafata, tarkacen shinkafar da a da kifi ake zuba wa, wata fitinar ta ɓullo: a ci mai kyau a gida a fitar da na ƙasa. Alƙur'ani ya hana a nufi mummuna a ciyar daga gare shi, abin da mai bayarwar kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido.

Kuɗi fa? A Furim kuɗi ne ma aka fi bai wa matalauta. A wurinmu mashhurin Malikiyya hatsi ne, Hanafiyya sun halatta ƙima, kuma an ruwaito haka daga Umar bin Abdul'aziz. Mai tumatir ko albasa da ba ya noma hatsi yakan ga kuɗi sun fi masa sauƙi. Ni dai a garin da hatsi ke ƙofar gida, kuma farashi na tashi tsakanin safe da yamma, na fi natsuwa da mudu, don mudu ba ya ragewa in naira ta faɗi. Gaskiya ne hatsi kaɗai ba ya zama tuwo da miya, akwai mai da gishiri da itace. Maganin wannan a ɗora wani abu a kan mudun da sunan sadaka, ga tumatir da albasa ma a gona.

Wani bambanci da manomi zai fi kowa ji shi ne na kalanda. Shekarar wata kwana 354 ce. Yahudawa na ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, don idinsu su tsaya a yanayi ɗaya, shi ya sa Furim ba ya wuce Fabrairu ko Maris. Mu Suratut Tauba ta tabbatar mana da wata 12 ta kuma soke jinkirta watanni, don haka Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, ta zagaye yanayi duka a wajen shekara 33. Daga 2011 zuwa 2013 Ƙaramar Sallah a Agusta ta faɗo, tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba. A irin wannan shekara mudu 4 a kan kowane kai jarrabawa ce ta gaske ga mai bayarwa, ceto ne kuma ga mai karɓa. Ruwan Tiga ya sassauta wannan a yankinmu, don ana girbi fiye da sau ɗaya, alkama a bazara, shinkafar rani gab da damina, ta damina da kaka. Uzurin manomin Kura ya fi na manomin tudu ƙaranci, kuma gonar rani ba ta san Sallah ba: ranar da ruwa ya zo layinka sai ka je, ko da rigar idi a jikinka. Addini bai hana aiki ranar ba. Furim ma, saɓanin ranar hutunsu ta Asabar, ba a haramta aiki a cikinsa ba, al'ada ce kawai ta sa ake ajiyewa.

Ba duk abin da ke cikin Furim ke da kyan gani ba. Akwai magana a Talmud ta wani malami mai suna Raba, cewa mutum ya sha ruwan inabi ranar har ya kasa bambance tsine wa Haman da sa wa Mordekai albarka. Nan hanyarmu ta rabu da tasu baki ɗaya. Malamansu ma sun daɗe suna fama da maganar: Musa Isalis na Karako a ƙasar Folan, wanda ya rasu a 1572, ya ce a ɗan ƙara a kan abin da aka saba a kwanta barci, mai barci ai ba ya bambancewa. Duk da haka maye a ranar matsala ce da suke kuka da ita a kan samarinsu. Mu da aka haramta mana gaba ɗaya, mu dubi abin da wasu samarinmu ke haɗiya da yammacin Sallah kafin su hau babura a titin Kano zuwa Zariya.

Na biyun ya fi nauyi. Gab da ƙarshensa, Littafin Esta ya ambaci mutum 75,000 da Yahudawa suka kashe a lardunan daular, kuma idin da aka gina a kan tuna maƙiyi yana iya zama makami a hannun mai mugun nufi. Ranar 25 ga Fabrairu 1994, ranar Furim ce kuma cikin Ramadan, wani likita ɗan kama-wuri-zauna mai suna Baruk Goldstein ya shiga Masallacin Annabi Ibrahim a Al-Khalil ya buɗe wuta kan masu sallar asuba, ya kashe mutum 29. Firayim Minista Ishaƙ Rabin da mafi yawan malaman Yahudawa sun yi tir da shi, wasu 'yan tsiraru masu tsattsauran ra'ayi kuwa suka mayar da kabarinsa wurin ziyara. Babu ɗaya daga cikin wajiban nan 4 da ya ce a taɓa wani, kuma Yahudawa da yawa na karanta babin kisan nan na Littafin Esta da nauyin zuciya. Idinmu biyu an gina su ne a kan kammala ibada da miƙa wuyan Annabi Ibrahim, ba a ambaci maƙiyi a cikinsu ba, kuma ni'ima ce da ya kamata masu huɗuba su tsare.

Shigar burtu da wasan kwaikwayo da Yahudawa ke yi a Furim, da wainar nan mai kusurwa uku da na Turai ke gasawa, duk al'ada ce da ta zo daga baya, kamar yadda tashe da Hawan Daushe da ɗinkin Sallah da barka da Sallah suke a wurinmu. Ba na cikin masu son a kashe su. Yaro da sabuwar riga yana koyon son addininsa ne ta hanyar da yake ganewa. Matsalar tana farawa ne in aka sayar da buhun ƙarshe don shadda da leshi, sannan a zo auna zakka a daren Sallah ana kame-kame. A mazhabarmu ba ta faɗuwa don lokaci ya wuce, tana nan bashi a wuyan mai hali har ya biya, ga laifin jinkiri.

Abin da ya rage aikin tsari ne, kuma ba mai tsada ba. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, amma zakkar kono ta fi ƙarfin ofis, don a cikin kwana biyu ake gama ta kuma maƙwabci ne ya san maƙwabci. Liman na iya tunatarwa tun Juma'ar da ta gabaci goman ƙarshe, a kai shanshera inji da wuri. Masallacin unguwa da ke tara hatsi ya raba shi kafin idi, a garin da aka tara, kada a ajiye don gyaran rufi ko wani aiki. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa sun san wanda ya yi asara a kowane layi, sarkin kasuwa da dillalan Kwanar Gafan sun san baƙin da ba su tafi gida ba, matan da ke turara shinkafa sun san wadda a cikinsu ke rufe ɗaki da rana don kada a ga ba ta ɗora komai ba. Waɗannan su za a tambaya, a asirce, tun 27 ga wata, kafin a jira sanarwar Sarkin Musulmi.